Hayar Gida Ta Hannun Kamfani A Saudiyya: Wa Kamfanin Yake Yi Wa Aiki?

Har zuwa 'yan shekarun nan, yawancin Hausawan Jidda da Makka ba su san haya ta hannun kamfani ba. Mai gida mutum ne da ake gani da ido. A haɗu da shi a masallacin unguwa, wani dattijo ya tsaya wa baƙo ya ce "ɗanmu ne", a rubuta 'yar takarda ko ma kada a rubuta, a miƙa kuɗi hannu da hannu. In aljihu ya yi sanyi sai a je a roƙi arziki zuwa bayan Hajji, galibi kuma a ɗaga ƙafa. Rusau ne ya raba mutane da yawa da wannan zama. Daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022 hukumomin Jidda suka rushe tsofaffin unguwanni masu yawa, har da Gulel da Karantina da Petromin da Sabil da Kandara, wuraren da mutanenmu suka hayayyafa. A Makka ma aikin babbar hanyar cikin gari da aka sa wa suna "Masar" ya cinye sassan Hindawiyya da Tandabawi da kewayen Shari'ul Mansur. Waɗanda suka kwaso kaya daga can sai ga su a gindin manyan benaye da ba wanda ya san masu su. Abin da ke jikin bango kawai allo ne mai sunan wani ofishi da lambar waya.

Wannan ofishi shi ne kamfanin kula da kadarori, wanda mukan ce wa maktab mu huta. Kuma abin da ya kamata mai neman haya ya fara riƙewa shi ne, maktab ba alƙali ba ne tsakaninsa da mai gida. Wakilin mai gida ne. Mai bene ne ya ba shi kwangila ya nemo 'yan haya, ya tattara kuɗi, ya biya haris, wato mai gadin bene, ya kira mai gyaran famfo, ya shigar da ƙara in an ƙi biya, shi kuma ya cire kasonsa daga abin da ya tara. Abincinsa yana cikin kuɗin da ya shigo ne. Ba mugunta ba ce, haka aka gina sana'ar. Saurayin da ke bayan tebur zai tarbe ka da fara'a, ya ce "hayyakallah ya Hajj", ya sa a kawo maka shayi, amma kamar yaron shago ne da ubangidansa ya yi tafiya: zai iya sayar maka, ba zai iya rage maka ko riyal ɗaya ba, balle ya ba ka bashi. Mutanenmu da yawa suna ɓata lokaci suna gina mutunci da wannan saurayi, suna zaton ranar wuya zai yi musu rana. Ranar wuya shi ma umarni yake bi.

Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne, ofishi guda kan yi aiki biyu. Ranar da ka shigo neman shiƙƙa, wato sashen zama a cikin bene, dillali ne, yana cin la'ada. Daga ranar da ka karɓi makulli ya koma mai karɓar haya. Doka ta raba ayyukan nan biyu. Dokar dillancin gidaje da filaye da aka fitar a 2022, ta fara aiki a 2023, ta wajabta wa duk mai wannan sana'a ya mallaki lasisin Fal daga hukumar kula da harkar gidaje da filaye ta ƙasa, kuma lasisin dillanci dabam, na kula da kadara dabam. Hatta tallan gida da ake sakawa a intanet sai da lambar izini. Wannan lamba ba ado ba ce, ana iya bincika ta a shafin hukumar. Masu damfara sun san halin wanda rusau ko ƙarin haya ya koro: sai su saka hoton shiƙƙa mai ɗaki huɗu a unguwa mai kyau da farashin da bai kai na ɗaki biyu ba, su ce turo arbun, wato kafin alƙalami, yanzu, mutane na layi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda bai taka ƙafarsa cikin gida ba, bai ga lasisi ba, ba shi da dalilin tura ko sisi.

Kuɗin da ake biya a bakin ƙofa kashi-kashi ne, kuma ofisoshi da yawa suna son su dunƙule su su faɗi jimla ɗaya. Gara a warware su. La'adar dillali, wadda ake kira sa'ayi, doka ta sa ta kashi 2.5 cikin 100 na hayar shekarar farko kaɗai, sai dai in an rubuta wata yarjejeniya dabam. In hayar shekara riyal 24,000 ce, sa'ayi 600 ke nan, in ofishin yana da rajistar haraji a ɗora kashi 15 cikin 100 a kan la'adar, wato riyal 90. Ita kanta hayar gidan zama ba a ɗora mata wannan haraji, saɓanin hayar shago. A dokance wanda ya ƙulla kwangilar dillanci da ofishin shi ne mai biyan la'ada, amma al'adar kasuwa ta daɗe tana jibga ta a kan ɗan haya, kuma mai neman wurin kwana ba ya cika jayayya. Inda ya kamata a tsaya kai da fata shi ne wajen sabuntawa. Babu sa'ayi a shekara ta biyu. Ofishin da ya nemi "kuɗin ofis" duk shekara, a tambaye shi a wane layi na yarjejeniya aka rubuta hakan.

Arbun kuwa, wato kafin alƙalami, doka ta ce kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin. In kai ka janye ba tare da wani aibi a gidan ba, ya tafi. In daga ɓangarensu aka fasa, a dawo maka da abinka. Sai kuɗin ajiya na ɓarna, ta'amin, wanda a da yakan shige aljihun ofis ya yi ɓatan dabo. Yanzu wurin ajiyarsa shi ne dandalin gwamnati na Ejar, ba durowar maktab ba. Kuɗin rajistar yarjejeniyar gidan zama riyal 125 ne a shekara, kuma a kan mai gida yake.

Ejar ɗin nan shi ne ginshiƙin al'amarin duka. Dandali ne na gwamnati da ake rajistar yarjejeniyoyin haya. A 2017 majalisar ministoci ta yanke cewa duk yarjejeniyar da ba ta cikinsa ba za a ɗauke ta ingantacciya a ofisoshin gwamnati da kotuna ba, a farkon 2018 kuma aka fara aiki da shi gadan-gadan. Ofishi zai shigar da takardar mallakar gidan da bayanan mai shi da lambar iƙamarka, wato katin izinin zama, saƙo ya shigo wayarka, ka shiga ka tabbatar da kanka ta Nafath, manhajar gwamnati ta tantance mutum, ka amince. A nan ne ake yin sakaci mafi tsada. Sau da yawa za ka ga mutum ya miƙa wa ma'aikacin ofis wayarsa ya ce "danna mini", saboda Larabcin takarda ya fi na kasuwa tsauri, ko kuma don kunyar a ga yana ɓata wa mutane lokaci. Alhali abin dubawa bai taka kara ya karya ba: jimlar kuɗin shekara, sau nawa za a biya da ranakun biya, lambar shiƙƙa da hawa, lambar mitar wuta, wa ke biyan ruwa, ranar farawa da ranar ƙarewa. Wanda bai iya karantawa ba ya ɗauki hoton shafukan ya tura wa ɗansa ko malaminsa, gobe ya amince. Gidan ba zai gudu cikin dare ɗaya ba, ko da an ce zai gudu.

Amfanin rajistar ga ɗan haya a fili yake. Ba mai ƙara maka kuɗi a tsakiyar shekara, ba mai ƙwanƙwasa maka ƙofa ya ce ɗansa zai yi aure ka tashi ƙarshen wata. Daga 15 ga Janairun 2024 kuma aka mayar da biyan hayar gidajen zama ta hanyoyin Ejar, da katin banki na Mada ko ta tsarin biyan kuɗi na Sadad a lamba 153, don haka kowace riyal da ka biya tana da shaida. Wanda ya taɓa zama ƙarƙashin mai gida mai mantuwar ganganci ya san darajar wannan.

Sai dai yadda rajistar ta ɗaure mai gida haka ta ɗaure ka, har ma fiye. Yarjejeniyar Ejar takardar zartarwa ce. Ma'ana, in ranar biya ta wuce, kamfani ba ya buƙatar ya kai ka gaban alƙali a yi ta zaman sauraro ana kawo shaidu. Daga kwamfutar ofis zai shiga Najiz, dandalin ma'aikatar shari'a, ya miƙa buƙata ga kotun zartarwa. Kotu ta aiko maka da umarnin biya, a ba ka kwana 5. In suka wuce sai a hau matakan sashe na 46 na dokar zartarwa, waɗanda suka haɗa da hana fita ƙasar da riƙe abin da ke asusun banki. Tsohon mai gida na unguwa yakan ji nauyin kai maƙwabcinsa ƙara, don gobe za su haɗu a sahu ɗaya. Kamfani mai riƙe da benaye da yawa aikin safiya ne a wurinsa, ma'aikaci ya jera sunayen waɗanda suka makara ya tura su gaba ɗaya.

Saboda haka akwai tayi biyu da bai kamata a karɓa ba ko an yi su da murmushi. Na farko, a ce turo kuɗin asusuna ni zan shigar maka. In bai shigar ba, a idon hukuma ba ka biya ba. Na biyu, a ce a rubuta adadi kaɗan a Ejar, ragowar a ba da a hannu. Wanda ya yarda da wannan ya ba da kuɗin da ba shi da hujjar ya bayar.

Ranar karɓar makulli ta cancanci a ba ta yini guda. Shiƙƙar haya a Saudiyya galibi tsirara ake ba da ita: ba na'urar sanyaya ɗaki, sai ramukan da aka bari a bango ko bututun da ke leƙowa, wani lokaci ko kabad ɗin kicin babu, sai famfo ɗaya da magudana. Mutum ya shiga da rana, ya buɗe kowane famfo ya ga ƙarfin ruwan, ya ja ruwan bayan gida ya tsaya ya ga ko yana tsiyaya, ya ɗaga kai ya dubi rufin banɗaki ko akwai tabon danshi mai nuna na sama yana yoyo, ya soka cajar waya a kowane soket, ya buɗe tagogi ya rufe. Duk tayil da ya tsage da ƙofar da ba ta kulluwa a ɗauke su hoto, a kuma rubuta su a takardar karɓa da miƙawa da ke cikin Ejar, domin da ita za a auna ka ranar fita. Daga nan ya sauka ƙasa ya sami haris. Haris ya fi ofis sanin gaskiyar bene. Shi zai gaya maka ko ruwan hukuma yana isowa kullum ko sai an sayo wayit, wato ruwan tankar mota, an zuba a tanki, da yadda ake raba kuɗin, da ko lif ɗin yana aiki ko ya kwana biyu a tsaye.

Mitar wuta ma a tsaya a kanta. Tun Janairun 2018 farashin wutar gida halala 18 ne (halala 100 ce riyal ɗaya) kan kowane kilowat-awa har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura kuma halala 30. Iyali ɗaya da mitarsu ba kasafai suke tsallake wannan iyaka ba. Amma inda aka raba babbar shiƙƙa gida biyu ko uku a kan mita ɗaya, da zafin Yuli ya kama, na'urori suna ruri dare da rana, sai jimlar ta haura kowa ya faɗa farashi mai tsada, ga rigimar wa ya fi sha. Mita taka kai kaɗai, da sunanka, da hoton lambar da take kai ranar da ka shiga, ta fi ragin 'yan ɗaruruwa a kuɗin haya.

Gyara shi ne inda ake yawan jin haushin kamfani, kuma da gaskiyar masu jin haushin. Dokar mu'amalolin jama'a da ta fara aiki a ƙarshen 2023 ta ɗora wa mai gida manyan gyare-gyaren da sai da su gida zai zaunu, ta bar wa ɗan haya ƙananan da aka saba, irin su ƙwan fitila da kan famfo. Matsalar ita ce duk kuɗin gyara daga rabon mai gida ake cirewa, ofis kuma ba ya son ya riƙa kiran ubangidansa da labarin kashe kuɗi. Sai ka ji "bukra in sha Allah", wato gobe, har mako ya zagayo. Kiran waya ba ya barin sawu. A rubuta saƙo, da hoto, da kwanan wata, a sake rubutawa. Abin da ba a yi shi ne riƙe haya don a huce. A unguwa wannan dabara tana aiki, a ce ba gyara ba kuɗi. A Ejar ranar biya ba ta san bututunka ya fashe ba. Kai za a rubuta a matsayin mai taurin bashi, ƙorafinka kuma sai ka bi shi ta tasa hanyar dabam.

Akwai wata matsala da ta fi shafar mutanenmu fiye da wasu, ba a kuma cika faɗinta a fili ba. Ejar ba ya karɓar baƙon da ba shi da iƙama mai rai. Ga shi kuwa akwai gidajen da kuɗin da ake biya kan kowane ɗan rakiya, wato iyalin da ke zaune ƙarƙashin baƙo, wanda ya fara da riyal 100 a wata a Yulin 2017 ya kai 400 a Yulin 2020, ya sa iƙamarsu ta mutu ba su iya sabuntawa ba. Akwai waɗanda aka haifa a Makka, iyayensu ma a nan aka haife su, amma takarda ba ta taɓa daidaita ba. Akwai kuma masu iƙama lafiya lau da ofis ya ƙi saboda takardar albashinsu ba ta gamsar da shi ba. Duk waɗannan sai su juya ga ɗan'uwa mai cikakkiyar takarda. Maganar takan zo ne bayan an ci abinci, an yi shiru:

"Ɗana, sunanka kawai za ka ara mana. Kuɗi ni zan riƙa biya, ba abin da zai taɓa ka."

"Haba Kawu, ai ba sai ka roƙa ba. Allah ya rufa asiri."

Wane ɗa ne zai dubi ƙanen mahaifiyarsa, da iyali a tsaye ba wurin kwana, ya ce a'a? Amma a san abin da ake nema. Ba suna ake ara ba, wuya ake miƙawa. In Kawu ya gaza, ba da gangan ba, ciwo ne ko aiki ya tsaya, asusun yaron za a riƙe, shi za a hana fita. In an yi ɓarna a gidan shi za a bi. Zaunar da wani a gidan da ka kama ba da izinin mai shi ba saɓa yarjejeniya ne da zai iya jawo a soke ta. In kuma waɗanda ke ciki ba su da izinin zama, an shiga wani babi mai nauyi, domin hukuncin ba wa mai saɓa dokar zama mafaka yana kaiwa tarar riyal 100,000 da ɗaurin wata 6, baƙo kuma a ƙara masa da tarhil, wato kora daga ƙasar. A ganina dattawa ne ya kamata su fara faɗin wannan da bakinsu, tun da yaro ba zai iya ba. Inda matsalar ta albashi ce kawai, gara a je ofis tare a faɗi gaskiyar wanda zai zauna, a nemi biyan wata-wata ko na wata uku-uku, wanda Ejar ya yarda da shi, maimakon kashi biyu manya da ke karya mutum.

A 25 ga Satumban 2025 aka fitar da sababbin ƙa'idoji bisa umarnin Yarima mai jiran gado Muhammad bin Salman, kuma an yi ta yaɗa su a waya ba tare da an bambance ba. Dakatar da ƙarin haya na shekara 5 na cikin birnin Riyad ne. A can mai gida ba ya ƙin sabunta wa ɗan haya sai in bai biya ba, ko ginin yana da lahanin da ke barazana ga mazauna, ko shi da kansa ko danginsa na kusa za su zauna. Wanda ya saɓa ana iya cin sa tarar da ta kai hayar wata 12. Mazaunin Jidda ko Makka ko Madina bai samu wannan kariya ba. Abin da ya game ƙasar duka shi ne sabuntawa kai tsaye: yarjejeniya tana sabunta kanta sai in ɗaya daga cikin ɓangarorin ya sanar da ɗayan, aƙalla kwana 60 kafin ta ƙare, cewa ba ya so. Kamfani ba ya manta wannan rana, kwamfuta ce ke tuna masa. Ɗan haya ne ke mantawa. Wanda ya yi niyyar tashi ya yi shiru har kwanakin suka wuce, zai iya wayar gari da hayar wata shekara a kansa.

A Makka a ƙara da tambaya ɗaya kafin a amince: shekara ce cikakkiya ko wata goma? Tsohuwar al'ada ce a wasu benaye a fitar da 'yan haya gab da Hajji a zuba alhazai, kuma arahar da aka gani a farko sau da yawa daga nan take.

Fita ma tana da tata ƙa'ida. Kwashe kaya da miƙa wa haris makulli ba ya rufe komai. Sai wakilin ofis ya zo an zagaya tare, an gwada da takardar ranar shiga, an cike ta miƙawa, an biya ragowar wuta an cire sunanka daga mita, an ga yarjejeniyar ta nuna ta ƙare a Ejar, sannan ta'amin ya dawo, ko duka ko bayan an cire abin da aka yi ittifaƙi a kai. Ramukan da ka huda don rataye na'urar sanyi da kabad, a toshe su kafin ranar, don ofis zai yi musu kuɗi da farashinsa ba naka ba. Wanda kuma yake shirin komawa gida gaba ɗaya ya leƙa Najiz tun kafin ya sayi tikiti, ya tabbata babu wata buƙatar zartarwa da ke rataye da lambar iƙamarsa daga wani gida da ya bari shekarun baya.